Haƙoran Aksil ɗin Motar Baba

Da Baba ya yi ritaya daga aikin malamin gona, abin da ya fito da shi bai wuce gidanmu na Samaru da wata tsohuwar motar daji ba. A gwanjon ofis ya saye ta, kuma ita ce dai wadda ya daɗe yana shiga ƙauyuka da ita yana nuna wa manoma yadda ake zuba taki da feshi. Koriya ce da ta koɗe, rufinta na tamfol, da benci biyu a baya suna kallon juna. Ba ta da gudu ko kaɗan. In ka hau kwalta ka matsa mata, sai injin ya kama ihu kamar za a yanka shi, masu bas suna wuce ka suna leƙe. Amma in aka zo wajen laka da yashi da hawan tudu, ban taɓa ganin ta tsaya ba.

Ƙauyenmu yana bayan Giwa. In ka sauka daga kwalta akwai tafiya mai ɗan tsawo a hanyar burji, sannan a tsallake wata fadama kafin a hau tudun garin. Da damina ta nutsa babu motar da ke shiga sai ta Baba. Ita ke kai taki, ita ke kai fasto ranar baftisma, ita ke fito da mai naƙuda in abin ya gagara a gida. A can Gwaggo take, yayar Baba. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, da kuɗin daddawarta ya yi makarantar mishan. Har ya yi furfura, in yana gabanta ba ya zama a kujera, sai dai ya jawo tabarma.

A shekarun da wayar hannu ta fara yawa a Zariya, ni ne direban gidan. Ina koyarwa a wata sakandare, ban yi aure ba tukuna, amma ina neman wadda take matata a yau, lokacin tana karatun aikin jinya a Kaduna. Kowace Asabar ta biyu nakan ari motar in je wurinta. Tana son motar da wasa, tana kiranta tarakta. In na ɗauke ta za mu gaida 'yan'uwanta, ba ma iya hira a hanya saboda ƙara, sai dai mu yi ta nuni da hannu tana dariya. Ni abin ba ya ba ni dariya. Kunya nake ji.

Bayan Ista motar ta fara wani kuka daga baya, siriri da farko, daga nan ya koma gurzawa. Na kai ta Muchia wurin makanikin Baba, wani dattijo da suka yi aiki tare tun yana garejin ofis. Ya shiga ƙarƙashi ya kwance kan aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ke juya ƙafafun baya, ya ɗora shi a kan wani tsohon buhu ya wanke da fetur. A ciki akwai wani faifan ƙarfe babba mai haƙora, da ƙaramin da ke juya shi. Haƙora biyu na babban sun karye, sauran sun cinye.

"Wannan ya gama aiki," in ji shi. "Zo ka ƙirga da kanka."

Ya ba ni alli. Na sa alama a haƙori ɗaya na zagaya. Babban arba'in da bakwai, ƙaramin goma.

"To, riƙe wannan a kanka. Arba'in da bakwai da goma. Haka na gaba yake, dole na baya ya zama haka. In suka bambanta, ranar da ka sa ogzilari ƙafafun gaba da na baya kowa gudunsa zai yi, abin da ke tsakaninsu shi zai sha wuya."

Ogzilari shi ne ƙaramin sandan giya mai jan kai da ke gefen babban. In ka ja shi, ƙafafu huɗun duka ke ja.

A makon ne aka yi wa Baba aikin yanar ido, likita ya hana shi shiga rana. Da shi da kansa zai je kasuwa, don bai taɓa aiken kowa sayen kayan motar nan ba. Yana zaune a falo da baƙin gilashi ya kira ni.

"Ka ji abin da makaniki ya ce?"

"Na ji, Baba."

"To, je ka. Kai ma yanzu ka san motar kamar ni."

Na ji daɗin maganar nan ƙwarai. Har yau ina tuna yadda na fita ina jin kaina.

Na yi yawo a shagunan kayan mota na Sabon Gari, daga wajen PZ har cikin lunguna, kafin a nuna mini shagon wani mutum da ke ajiye kayan tsofaffin motocin daji. Iyayensa daga kudu suka zo amma a Muchia aka haife shi, Hausarsa ta Zazzau ce sak. Ya fito mini da guda biyu, duka na hannu, ya ajiye a kan kwali. Na farko baƙi ne, da tsatsa a bayansa, amma haƙoransa lafiya lau. Na ƙirga, arba'in da bakwai da goma. Na biyun fes yake kamar ba a taɓa aiki da shi ba. Na ƙirga shi ma, arba'in da shida da goma sha uku.

"Wannan fa?" na tambaye shi.

"Wannan na ƙanin motarku ne, irin na manyan mutane. Zai zauna a mazaunin naku daidai, ko noti ba za a canza ba. In ka sa shi, motan zai yi gudu a titi, injin zai yi shiru, mai ma zai ragu."

"To, me ya sa ba kowa ke sawa ba?"

"Domin ƙarfi zai ragu a hawa da laka. Kuma biyu ake sawa, gaba da baya. Ni ɗaya gare ni yanzu. Malam, gaya mini gaskiya, motan nan titi yake bi ko daji?"

Na ce duka biyun, amma ta fi bin titi. Wannan ita ce ƙarya ta farko, kuma ba shi kaɗai na yi wa ita ba, har da kaina. Na tsaya ina kallon ƙarafan nan biyu, ina tunanin hanyar Kaduna, ina tunanin yadda za mu riƙa hira a mota kamar kowa. Na ce wa kaina bambancin haƙori ɗaya ne a babban, uku a ƙaramin, me zai yi? Na san amsar, don lissafi nake koyarwa. Ƙafafun baya za su fi na gaba saurin juyawa da kusan kashi ɗaya cikin uku.

"Yaushe ɗan'uwansa na gaba zai zo?"

"In kayana sun taso daga Legas. Wata ɗaya, wataƙila biyu. Amma ka ji ni da kyau, kafin nan kada ka taɓa jan sandan nan. Ko da wasa."

Na ce na ji. Damina da saura, in ji ni a raina, kafin ruwa ya zauna na haɗa biyun, Baba ma zai ji daɗi.

Na sayi fes ɗin nan, amma ban koma Muchia da shi ba, don na san dattijon ba zai ɗaura ba. Na sa aka jawo motar zuwa wani gareji a Dogarawa inda ba su san mu ba, na ce wa dattijon Baba ya matsu ne shi kuma aiki ya yi masa yawa. Ya dube ni, ya ce to, Allah ya sa a dace. Da yamma aka gama. Na hau titin Samaru na taka, sai ga allurar gudu ta wuce inda ban taɓa ganin ta kai ba, injin kuwa yana magana a hankali. Na wuce wata bas a daidai Kwangila har na yi mata ham.

Baba ya tambaye ni ko an samu. Na ce an samu, an ɗaura. Bai ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara bayani ba.

Watannin nan na ji daɗinsu, ba zan ɓoye ba. Na je Kaduna sau da yawa, mun yi hira a hanya, a cikin motar ma muka tsayar da maganar kai kayan gaisuwa gidansu. Sau ɗaya na leƙa shagon, mai shagon ya ce kaya ba su iso ba. Sau na biyu na tarar ya yi tafiya. Daga nan jarrabawar ɗalibai ta zo, na ce sai an yi hutu. Ruwa ya sauka, ya zauna. Da yake idon Baba bai gama warwarewa ba, ba a kai taki ƙauye da motar ba a shekarar, kowa ya yi dabararsa da shanu. Sai abin ya zame mini kamar babu shi.

Ranar wata Talata cikin Agusta, da hantsi, mai bisharar ƙauyenmu ya iso gida a kan babur, wandonsa duk laka har gwiwa. Ya ce Gwaggo ba lafiya kwana biyar, ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Mai kemis ɗin da ke zuwa ranar kasuwa ya ce a kai ta asibiti. Ba za ta iya zaman babur ba.

Baba ya miƙe ya ɗauki hularsa. Mama ta shimfiɗa katifa tsakanin bencin baya, ta sa filo biyu da bargo. Ta hanyar Shika muka bi. Tun daga gida nake addu'a a raina Allah ya sa fadamar ta ɗan tsane. An kwana biyu ba a yi ruwa a Samaru ba. Na yi ta gaya wa kaina in na shiga da gudu a giya ta biyu zan iya fita da ƙafafun baya kawai.

Da muka iso bakin fadamar na ga babu wannan zance. Ruwa ya kwanta a kan hanyar, sawun shanu ya dama ta, laka baƙa tana sheƙi har can gindin tudu. Na tsayar da motar.

"Sa ogzilari," in ji Baba.

Hannuna yana kan sandan. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, amma ya isa Baba ya juyo ya dube ni. Maganar da ya kamata in faɗa ba ta fi numfashi ɗaya ba: Baba, aksil ɗin baya ba daidai yake da na gaba ba. Akwai masu noma a gefen hanya da shanunsu a ɗaure da garma, ina ganin su. Amma sai na ji ba zan iya faɗa ba a lokacin, da Gwaggo tana jira, da katifa a baya. Na ce a raina laka ce, ƙafafun za su riƙa zamewa, ba abin da zai matse. Ina fita zan cire.

Na ja sandan. Motar ta shiga tana wutsil-wutsil, bayanta yana neman ya riga gabanta, ina ta kokawa da sitiyari. Mun tsallake kuwa. Amma daga bakin lakar hawa ne kai tsaye, marmara ce tsantsa mai tauri, ba wurin tsayawa sai an kai sama, in ka tsaya za ka koma cikin ruwa. Ƙafafun huɗu suka kama ƙasa. Na ji motar ta yi nauyi, ta fara tsalle-tsalle, tayoyi suna kuka. Na kai hannu zan mayar da sandan, ya ƙi motsi. Sai muka ji ƙara a ƙarƙashin kujera kamar an buga guduma a tukunyar ƙarfe. Injin yana aiki, motar ba ta tafiya. Na taka burki na ja na hannu. Da na leƙa ƙasa, baƙin mai yana zuba a kan marmara.

Baba ya sauko ya tsugunna ya duba da idonsa mai lafiya. Ya taɓa man, ya murza a yatsa, akwai ɓarɓashin ƙarfe a ciki.

"Ɗauko katifar," ya ce. "Mu taka."

Da ƙafa muka ƙarasa, katifa a kaina. Gwaggo tana jingine a bangon ɗakinta, 'yarta ta fari tana yi mata fifita. Da ta ga Baba ta yi murmushi, ta ce, "Auta, ban ji kukan motarka ba." Ya durƙusa ya gaya mata ta lalace a bakin fadama. Aka kawo shawarar amalanken shanu ya kai ta bakin kwalta. An gwada washegari, amma ba a yi nisa ba girgizar ta sa numfashinta ya sarƙe, dole aka juyo. Ta ce kada a ƙara wahalar da ita, za ta jira a gyara motar ƙaninta.

Baba ya zauna a wurinta. Ni na dawo Zariya a bayan babur, kai tsaye Muchia. Na gaya wa dattijon komai, ban rage ba. Bai yi mini faɗa ba. Ya cire hularsa ya share fuska, ya ce, "Ɗana, da ka kawo mini na gani." Sannan ya rufe garejinsa, ya bar motocin mutane, ya bi ni. Muka samu tarakta ta jawo motar zuwa kwalta, wata babbar mota ta kawo ta gari. Da aka buɗe ƙaramin akwatin giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, haƙoran ciki sun zube, kaskon kansa ya tsage.

Aksil ɗin da ya dace yana nan a shagon inda na bar shi. Mai shagon ya dube ni kawai ya ce, "Ka ja sandan." Na ce na ja. Akwatin giyar ne ya ba mu wuya. Babu a Zariya, babu a Kaduna. Shi mai shagon ne ya yi ta buga waya har aka samu a Kano, na je na ɗauko da kaina. Ranar da za a ɗaura aka ga wani ƙarfen da ke riƙe akwatin bai yi daidai ba, aka kai wa masu walda. Kwana takwas muka yi. Kullum da asuba ina garejin, ina miƙa sifana, ina wanke noti, ina kallon sama in ga ko hadari zai ƙara cika fadamar.

Ranar ta tara da safe na kama hanya ni kaɗai. Na ja sandan a bakin fadama, motar ta ratsa ta hau tudu ba ko gargada. Tun daga nesa na hango mutane a ƙofar gidan, mata suna shiga da ƙwarya, an fito da bencin coci an jera a inuwar ɗorawa. Gwaggo ta rasu da yammacin jiya. Motar da na kawo ita ta ɗauki akwatin zuwa maƙabarta, ita ta yi ta jigilar 'yan gaisuwa daga bakin kwalta kwana uku.

A hanyarmu ta dawowa, bayan mun wuce Giwa, na sauka gefen titi na kashe injin. Na gaya wa Baba yadda aka yi tun daga shagon. Yana kallon gaba har na gama.

"Na ji kukan injin ya canza tun ranar da ka dawo da ita," ya ce. "Na ɗauka ka canza duka biyun ne kana jin nauyin gaya mini. Na ce yaro ne, yana son gudu, a bar shi."

Sai ya juyo ya dube ni.

"A bakin fadamar nan, lokacin da ka tsaya, ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Da ka faɗa, da mun roƙi masu shanun nan sun ja mu mun tsallake. Da ranar mun kwana da ita a asibiti." Ya gyara zaman hularsa. "Ban ce da ta rayu ba. Wannan na Allah ne. Amma da mun kai ta."

Ya ce in tayar mu tafi, Mama tana jira. Bai sake ɗaga maganar ba har ya bar duniya, shekara shida bayan haka. Bai karɓe makullin daga hannuna ba, ya je ɗaurin aurena ya yi rawa, ya riƙe 'ya'yana. Abu ɗaya ne ya canza. Ko fulog za a saya wa motar, sai ya sa hularsa ya ce in kai shi Sabon Gari, ya shiga shagon da kansa, ni ina zaune a mota ina jira. Bayan rasuwarsa muka sayar da ita ga wani manomi daga wajen ƙauyenmu, na ji an ce ta yi masa aiki shekaru.

Matata ta sani, na gaya mata kafin aure. Ta yi aikin jinya shekara da shekaru yanzu, na tambaye ta ba sau ɗaya ba ko irin ciwon Gwaggo yana jin magani in an kai da wuri. Takan ce wani yana ji, wani ba ya ji, ba ta ga mai ciwon ba balle ta yanke. Ta ƙi ta ba ni amsar da za ta kwantar mini da hankali don kawai ina so, kuma na san gaskiyarta.

Wadda ba ta sani ba ita ce 'yar Gwaggo ta fari. Duk Kirsimeti takan zo Samaru da buhun gyaɗa da daddawa, ta tsufa ita ma yanzu. In an zauna cin abinci sai ta gaya wa 'ya'yana yadda babansu ya yi kwana takwas a gareji, ya je har Kano, don a fito da mahaifiyarta asibiti. Takan ce, "Ƙanena, ba zan manta maka wannan ba." Nakan ce, "Yaya, ba komai," in miƙa mata ruwa. Bara na raka ta tasha da niyyar in gaya mata. Muka tsaya a gindin motar Giwa tana gyara ɗaurin kayanta, tana ba ni saƙon gaisuwa ga surukaina, har direba ya ce a shiga. Na taya ta hawa, na rufe mata ƙofa, na dawo gida.